Injin da Ba Ya Lalacewa

Baba Kafireto bai iya zuwa gidan mutane hannu rabbana ba. Ba wai tsaraba yake kaiwa ba, ina! Jakar kayan aikinsa ce ba ya rabuwa da ita, wata tsohuwar jakar fata da baƙin mai ya rine, cikinta sufanu, fulaya, sukudireba biyu da tsumma. In an gayyace shi biki, a bayan rumfa za ka same shi tsugune gaban janareto. In dubiya ya je, kafin ya fito ya gyara wa mara lafiya fanka. Mutane na cewa kirki ne, kuma da kirkin. Amma matarsa, wadda ta shekara arba'in da shida tana wanke masa tsummokara, ta san sauran zancen: mutumin nan bai iya zama ba ne kawai. Ba shi kujera ka ce a yi hira, sai ya yi ta mutsu-mutsu, ya dubi silin, ya dubi agogo, ya ce bari ya tafi yana da aiki.

Yana ɗan shekara goma sha uku aka kai shi gareji, daga nan kuma bai sake sanin wata duniya ba. Bai bi manyan motoci ba, ƙananan injuna ya riƙe: janareto, injin ban ruwa, injin niƙa, babur. Kunnensa ne jarinsa. Sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido, can ya ce, "Kafireto ne," wato maƙogwaron inji, inda fetur ke haɗuwa da iska. Sau tara cikin goma kuwa shi ne, har sunan ya bi shi ya shafe na yanka. Abu na biyu da aka san shi da shi, faɗin gaskiya a kan inji. Ba ya sa mutum sayen abin da ba ya bukata. In inji ya mutu, ko da lallaɓa shi zai ba shi aikin wata guda, sai ya goge hannu ya ce, "Wannan ya gama, kai wa 'yan gwangwan." Yana alfahari da wannan hali ƙwarai, har alfaharin ya ɗan yi yawa.

'Ya'yansa biyar, namiji ɗaya, kuma tun yaron na rarrafe ya ware masa gefen benci a gareji. Yaron bai so ba. Warin fetur na sa shi ciwon kai, ga shi da son littafi. Ranar da ya gama sakandare ya ce shi gaba zai yi da karatu, sai uban ya kama hannunsa ya ɗaga a gaban masu kawo gyara, ya ce, "Ku dubi hannun nan, ko murfin kwalba ba zai iya buɗewa ba. Akawu ke nan!" Aka kwashe da dariya. Sunan ya zauna, dariyar ma ta zauna a zuciyar yaron. Ba su taɓa faɗa ba, kar a yi musu ƙarya. Akawu ya yi karatunsa, ya sami aiki a ofishin wani kamfanin siminti, ya yi aure, duk ƙarshen wata yana zuwa ya durƙusa ya gaida mahaifinsa. Sai dai gaisuwar ba ta wuce ina kwana, ya aiki, ya iyali, daga nan ya wuce ɗakin uwarsa, inda ake jiyo muryarsa har azahar. Haka aka shekara kusan ashirin, uban na son magana da ɗansa, bai san ta inda ake farawa ba.

Wani tsohon injin yankan ciyawa ne ya haɗa su. Akawu ya kama gida a wata sabuwar unguwa, mai ɗan fili a gaba, taku goma sha biyu a tsaye, takwas a kwance, an shuka ciyawar ado. Wanda ya tashi daga gidan ya bar masa injin, jan fentinsa duk ya koɗe, taya ɗaya na girgiɗi. Akawu ya ja igiya har kafaɗarsa ta sage, inji ya yi tari sau biyu ya yi gum. Matarsa ce ta buga wa surukarta waya, ita kuma ta saki zancen a gaban maigida tana kallon wani wuri. Asabar ɗin nan da ƙarfe tara, Baba Kafireto na ƙwanƙwasa get da jaka a kafaɗa.

Kafireto ne mana. Amma injin tsoho ne mai rigima, ka toshe nan ya ɓullo ta can. Wannan makon fulogi, na gaba igiya ta tsinke, na gaba filta ta cushe, in kuma ya daɗe a ajiye da rani sai tsohon fetur ya daskare masa a maƙogwaro. Shekara shida ana haka, kusan kowace Asabar. Baba ba ya shiga falo. Kwali yake shimfiɗawa a gindin katanga kusa da famfo, ya zauna dirshan, Akawu ya tsuguna a gefensa da tsohuwar riga. Surukar ta kawo shayi ta ajiye a kan kwalin. Jikarsa ta leƙo ta toshe hanci ta ce ita fa ta fasa auren, ango na warin mai. Shi kuma ya ce dama ya gaji da amarya mai giɓi.

Hirarsu ta aiki ce. "Miƙo sufana lamba goma." "Riƙe nan." "Ja a hankali." Sai dai Baba ya gano wani abu da bai faɗa wa kowa ba: in idon mutum biyu na kan inji ɗaya, bakinsu na iya faɗin abin da ba ya faɗuwa in suna kallon juna. A kan kwalin nan Akawu ya gaya masa shugabansa a ofis ya sa shi gaba, har yana tunanin ajiye aiki. Baba na kankare fulogi ya ce, "Kada ka ajiye da fushi. In za ka ajiye, bari ranar da ka yi barci ka ƙoshi. Miƙo tsumma." A nan kuma ya ji cewa cikin surukarsa na biyu ya zube, suka duƙufa su biyu suna ta wanke ƙarfen da ya riga ya fita. Da ciwon ƙafa ya sa shi rufe gareji ya koma 'yan gyare-gyare a rumfar ƙofar gida, Asabar ce ta zama abin da yake jira duk mako. Tun ranar Alhamis yake haɗa jaka.

Gab da faɗuwar damina ta bakwai injin ya yi mutuwar gaske. Akawu na cikin turawa aka ji ƙara kamar an jefa dutse a tukunya, baƙin mai ya malale a ciyawa. Baba ya buɗe ya ga ƙarfen fistin ya karye ya huda jikin injin. Ya daɗe yana kallo, fiye da yadda ya saba. Sannan ya goge hannu ya ce, "Ya gama."

Ranar Laraba da la'asar sai ga Akawu a rumfar ƙofar gida da kayan ofis a jikinsa, alhali wata bai ƙare ba. Bai wuce ɗakin uwarsa ba. Ya zauna a benci kusa da uban, ya fito da waya ya nuna masa hotuna biyu.

"Baba, shawara na zo nema. Ga na fetur, ga kuma na batir da ake yayi yanzu. Wanda ka ce, shi zan saya."

Ran Baba ya yi fari tas. Yaushe rabon da a zo har gida a ce masa wanda ka ce? Ya sa tabarau, ya riƙe wayar nesa da fuska, ya sa Akawu ya karanto masa abin da aka rubuta a ƙasan kowane hoto.

"Batirin minti nawa yake yi?"

"Sun ce arba'in."

"Filinka aikin minti ashirin da biyar ne, ko da ka tsaya amsa waya. Ɗauki na batir."

Akawu ya gyara zama. "An ce fa na fetur ya fi ƙarfi, Baba."

"Ya fi. Filin ƙwallo gare ka? Ƙarfin nan na mai babban fili ne, ko wanda ke barin ciyawa ta kai gwiwa. Kai duk mako kake yanka. Wannan ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba jan igiya. Ka danna ya tashi. Ko matarka za ta tura shi da hannu ɗaya, maƙwabta kuma su huta da ƙara."

"In an ɗauke wuta fa?"

"Ba kun sa sola ba?"

"An ce batirin na mutuwa."

"Bayan shekara uku ko huɗu. Ka sayi wani ka zura. Kar dai ka bar shi a rana, kar kuma ka shiga ciyawa tana jiƙe sharkaf."

Akawu ya koma kan hoton na fetur, ya buɗa shi da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar. Ya yi ƙasa da murya. "Ni dai na ga kamar irin wannan muka saba da shi. In ya sami matsala, ga ka."

Nan Baba Kafireto ya yi dariya, irin ta gwanin da ya kama mai koyo da kuskure. "Matsalar ce ba na so ka saya, Akawu. Wancan ba shi da abin lalacewa. Saye shi ka huta, ni ma in huta da zaryar Asabar."

Wasa ya yi. Allah ya sani wasa ya yi. Akawu ya kashe wayar ya sa a aljihu, ya ce, "To, Baba. Na gode." Ya shiga ya gaida uwarsa a tsaitsaye, ya fito ya tafi.

Motarsa ba ta gama barin layin ba matar Baba ta ɗaga labule. Dama tagar ɗakinta a kan rumfar take, ba abin da ya wuce ta.

"Malam, Allah ya ba ka kunnen jin inji, ya hana ka na jin mutum."

"Me kuma na yi?"

"Sau nawa yaron nan ya miƙo maka na fetur kana turewa? Sau huɗu, ina ƙirgawa. Kana ganin bai iya karanta bayan kwali ba ne, da zai baro ofis ya zo wurinka?"

"Tambayata ya yi, na gaya masa gaskiya. So kike in sa shi ya sayi wahala?"

"To, gaskiyar ta yi maka amfani," ta ce, ta saki labulen.

Ya bi ta da tsaki, ya ce ita me ta sani a kan inji. Amma maganar ta tsaya masa a rai.

Asabar ta farko ya tashi da wuri kamar kullum, ya yi wanka, ya rataya jaka, har ya kai ƙofar gida. Sai ya tsaya. In ya je, ya ce ya zo yin me? Ya dawo rumfa ya kwance wani janareto da ba abin da ya same shi, ya sake ɗaurewa. Ta biyu ma haka. Ruwa ya sauka sosai a shekarar, ciyawa ta yi ta tofo, waya ba ta yi ƙara ba. Matar ce ke zuwa gidan ɗanta duk bayan mako biyu, ita ta kawo labarin cewa Akawu ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta: tsoho ya gaji, shekara shida ana wahalar da shi da ciwon ƙafa, ya isa haka. In ta dawo takan same shi a rumfa yana jira, yana yi kamar ba jira yake ba.

"Ya mutanen gidan?"

"Suna gaishe ka. Amaryarka ta ce ka gudu."

"Injin fa?"

"Lafiyarsa lau. Ko ƙararsa ba ka ji, sai ka ce fanka."

"Ba ya ɗan tsayawa?"

"Malam, ya fi ka lafiya."

Sai ya ce madalla, ransa a ɓace. Abin kunya ne, amma haka ne: mutumin da ya shekara hamsin da ɗoriya yana tayar da injuna ya koma kwana da tashi yana fatan wani inji ya lalace. Ta ce ya shirya su tafi tare. Ya ce, "In je in yi me?" Ta ce, "Ka je ka zauna, kamar kowane kaka." Ya ce shi ba ɗan zaman kashe wando ba ne. Surukar ma ta bugo ta ce Baba an daina ganinka, ya ce ayyuka ne suka yi yawa, alhali rumfar ba kowa sai shi da rediyo. Akawu ya ci gaba da zuwa ƙarshen wata, ya durƙusa, ina kwana, ya ƙafa, ya wuce ciki. Aka koma gidan jiya. Sau biyu Baba ya buɗe baki zai ce wasa fa na yi ranar nan, sau biyun abin da ya fito shi ne, "Kana dai cire batirin in ka gama?"

Wajen ƙarshen damina matar ta daina tsokanarsa. Wata rana ta dawo daga gidan idonta ja, ta zauna a bakin benci, abin da ba ta saba yi ba, ta ce, "Malam, don girman Allah ka je gidan yaron nan." Ya tambaye ta ko wani abu ya faru. Ta ce ba daga bakinta zai ji ba, ta yi alkawari. Ya ce in akwai magana ai ɗan ya san hanyar gida. Da ƙarfi ya faɗa, amma ranar ko loma uku bai yi ba.

Washegari ya hau motar haya ya tafi babban shagon da ake sayar da injunan, wai zai sayi fulogi. Ya sami irin na Akawu a jere, kore shar, duk roba. Ya zagaya ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya nemi inda ake buɗewa; kusoshin ma wasu iri ne da bakin sukudirebansa ba ya shiga. Mai shagon na ta zuba bayani, Baba bai saurare shi ba. Ya kama hannun injin ya kwantar da shi don ya ga ƙasansa. Sai ga wuƙa, miƙaƙƙen ƙarfe mai baki biyu da noti ɗaya a tsakiya, irin dai wadda ya shekara shida yana wasawa.

Kunya ta rufe shi a tsakiyar shagon. Ko da batir ko da fetur, wuƙa wuƙa ce, tana dakushewa, tana son magagari duk bayan 'yan makonni. Wanda ya yi wata uku a gareji ya san wannan. Shi da ake kira gwani, wata biyar yana zaune yana jiran kafireton da babu, ga dalilin zuwa kwance a ƙarƙashin injin tun ranar farko. Ya fito bai sayi fulogin ba.

Asabar ƙarfe tara yana bakin get. Tun daga nan ya hango aikinsa: kan ciyawar ya yi fari-fari, a yage ba a yanke ba. Ransa ya yi sanyi. Sai kuma ya ga kwalaye jere a baranda, an ɗaure wasu da igiya an yi rubutu a jikinsu. Tagar falo ba labule.

Akawu ya fito ya yi turus, sannan ya durƙusa ya gaishe shi.

"Wuƙar injinka na zo dubawa," Baba ya ce tun ba a tambaye shi ba. "Dubi yadda take yagar ciyawa."

Akawu ya miƙe. Ya turo injin, ya janyo wani kwali da ba a sa wa kaya ba, ya farke shi ya shimfiɗa a gindin katanga. Baba ya zauna da ƙyar.

"Cire batirin tukuna. Yauwa. Kwantar da shi. Miƙo sha huɗu."

Noti ya kwance, wuƙa ta fito, bakinta kamar bayan cokali. Baba ya ɗora ta a kan bulo, Akawu ya danne ƙarshenta da hannu biyu, magagari ya fara tafiya. Baba ya kai minti biyar yana gogawa. Can Akawu ya ce, idonsa a kan wuƙar, "Baba, an mayar da ni sabon reshen kamfani. Ƙarshen watan nan za mu tashi."

Magagari bai tsaya ba. "Ina?"

Ya faɗi garin. Tafiyar kwana biyu ce a mota, in hanya ta yi kyau. Gidan da aka ba su a hawa na huɗu yake, ba fili ba ciyawa.

"Na so in gaya maka tuni. Duk zuwan da na yi, da maganar nake zuwa. In na durƙusa sai in rasa ta inda zan ɗauko ta."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin tsohon injin ya mutu. Sun ce in ƙarasa damina a nan."

Nan magagarin ya tsaya. Baba ya ɗago ya dubi ɗansa, ya ga furfura a gefen kunnensa da bai san da ita ba.

"To kai da ka san damina ɗaya ta rage maka, me ya kai ka sayen inji? Ai da masu yanka ka kira."

Akawu ya ɗan yi murmushi, bai ɗago ba. "Na ɗauka za ka ce na fetur, Baba. Da ka ce, tsoho na hannu ma na yi niyyar nema, wanda zai riƙa ba mu aiki."

Baba ya mai da kai kan wuƙar. Ta riga ta yi kaifi, yana gani, Akawu ma yana gani, amma ya ci gaba da gogawa don bai yarda da muryarsa ba. Asabar ashirin da biyu. Ya ƙirga su a zuci tun daga wadda ya tsaya a ƙofa da jaka. Ba wanda ya ƙwace masa su. An kawo masa su har gida, shi ya mayar da bakinsa yana dariya. Baƙin ciki ya rufe shi, irin wanda bai ji ba tun rasuwar mahaifiyarsa.

Wuƙa dai ba ta wasuwa har abada. Ya rataye ta a kan sukudireba ya ga ba gefen da ya rinjayi wani, ya mayar, ya ɗaure noti. Aiki ya ƙare, ƙarfe goma ko cika ba ta yi ba. Ya fara tattara kaya ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, mu shiga ciki."

"Ina da…" Ya ji maganar ta taho da kanta, ya datse ta. Wane aikin? Ya je famfo ya wanke hannu da sabulu, ya daɗe yana wankewa. Sannan ya cire takalmi ya shiga falon ɗansa.

Kujera ɗaya ta rage ba a naɗe da leda ba, aka ba shi. Minti goma na farko azaba ne. Ya ga fanka na ɗan rawa a sama, ya danne zuciyarsa ya kau da kai. Surukar ta kawo shayi a kofin da ta sake cirowa daga kwali. Jikar ta haye hannun kujera tana nuna masa sababbin haƙoranta. Akawu, daga kan kwalin littattafai, ya tambaye shi wai da gaske ne ya taɓa tayar da janareton wani asibiti ana tsakiyar tiyata, ko Mama ce ke ƙara gishiri. Baba ya ce ƙara gishiri ne, ba tiyata ba ce, haihuwa ce, ya ba da labarin. Daga nan ya shiga na ubangidansa na gareji, sarkin rowa, mai yanka sabulu gida takwas ya kulle bakwai a akwati. Akawu ya yi dariya har da buga cinya. Baba ya tsaya yana kallonsa, don bai san haka dariyar ɗansa take ba, ta kakan Akawun ce sak. Aka ci abinci, aka yi azahar, aka kawo wani shayin. Da ya farga, la'asar ta wuce.

Akawu ya kawo shi gida a mota. Matar na tsakar gida tana kwashe shanya, ta tsaya da zani a hannu tana kallon fuskarsa.

"Ya gaya maka?"

"Ya gaya mini."

"Ka shiga ciki?"

Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki.

"Na shiga. Tun goma nake zaune." Ya shafa fuska da tafin hannu. "Hajiya, ashe ba wuya. Zama kawai ake yi, maganar ta zo da kanta. Shekara ashirin da shida, ba wanda ya gaya mini."

Ta buɗe baki za ta ce ita ta gaya masa, sau ɗari ma, sai ta ga idonsa ta fasa. Ta ninke zanin a hankali.

"Saura Asabar nawa?" ta ce.

"Biyu."